Feshin Ciyawa Kamar Yaɓen Soro Ne

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san aikin da ke jiran maigida idan bazara ta kama. Da zarar zafi ya tsananta, hadari ya fara leƙowa ta gabas, sai a kira magini. A kwaɓa ƙasa da ciyawa, a bar ta ta jiƙu, a hau soro a toshe duk tsagar da rani ya bari, a gyara bakin indararo, mai hali ya bi da makuba. Ba mai hankalin da zai ce sai ya ga ɗaki yana yoyo kafin ya motsa. Wanda ya yi wannan jinkiri, rabonsa tara kwanoni da ɗage tabarmi cikin dare, kuma ƙasar da zai ɗora a tsakiyar damina ruwa ne zai tafi da ita.

Manoman Jega da Aliero da Maiyama sun san wannan sarai game da ɗakunansu. Abin da ke damuna shi ne yadda da yawa ke mance shi idan aka zo ga maganin ciyawa. Mutum ya sayi magani da kuɗin guminsa a kasuwar Jega, ya ajiye a zaure, sai gona ta yi kore shar da harƙiya da guɗe-guɗe da tuji sannan ya goya famfo. Bayan mako guda ya ga ciyawa tana nan daram, ya ce jabu aka sayar masa. Jabu kam akwai shi a kasuwa, amma sau da yawa maganin lafiyarsa lau, lokacinsa ne ya wuce.

Maganin ciyawa iri biyu ne. Akwai wanda ake fesa wa ciyawar da ta riga ta fito, ya shiga ta ganye ya kashe ta, irin su glyphosate da propanil. Akwai kuma wanda ƙasa ake fesa wa tun babu komai a kanta, irin su pendimethalin da butachlor da oxadiazon. Wannan na biyun shi ne yaɓe. Yana kwanciya ne a ɗan saman ƙasa, inda yawancin 'ya'yan ciyawa suke tsira. Ƙwayar da ke barci bai dame ta ba. Sai ta sha ruwa ta fasa, ta miƙo ɗan tsiro, nan take ta gamu da shi. Pendimethalin, alal misali, hana saiwa da tsiro girma yake yi, sai ciyawar ta mutu tun ba ta ga rana ba. Idan kuwa ta riga ta fito ta yi ganye, saiwarta ta nutse, to ta wuce inda zai kama ta.

Masu lambun ciyawar ado a ƙofar gida a Amurka suna fama da wata 'yar'uwar harƙiya, kuma zafin ƙasa suke aunawa. Idan sanyi ya janye, ƙasa ta doshi digiri 13 a ma'aunin Salshiyas, sun san ƙwaya za ta farka, sai su riga ta. Mu a Kebbi zafi ba ya yanke mana. Ruwa ne ke tayar da ƙwaya a wurinmu, ko na sama ko na injin ban-ruwa. Saboda haka ranar shuka ko dashe ita ce ranar da ake fara ƙirga, kuma kwana ɗaya zuwa uku ne mutum yake da su.

Magini ba ya yaɓe da busasshiyar ƙasa, ba ya kuma yi ruwa na zuba. Haka maganin nan yake son danshi daidai wa daida. A busasshiyar ƙasa zai zauna a sama, rana ta cinye ƙarfinsa kafin ruwa ya zo. In kuma aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya jim kaɗan bayan feshi, zai iya wanke shi ko ya kai shi ga irin da aka shuka, musamman a jigawa inda rairayi ba ya riƙe komai. Shi ya sa mai shinkafar tudu zai tabbatar ƙasa ta rufe irinsa sosai, kuma adadin da ake zubawa a jigawa bai kai na laka ba. Haka nan magini yakan share soro kafin ya ɗora sabuwar ƙasa. Ciyawar da ruwan farko na watan Mayu ko Yuni ya fitar, a kawar da ita da huɗa, a farfasa ɓurɓushin ƙasa ya kwanta, sannan a fesa.

Mai noman rani ya fi kowa sa'a, domin ruwa a hannunsa yake. A fadamun gulbin Zamfara kusa da Jega, da na yankin Maiyama, noman shinkafar rani ya ƙara bunƙasa tun bayan da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015. Wanda ke kunna inji da kansa shi ke zaɓar ranar da ƙasa za ta jiƙa, don haka ba shi da uzurin makara. Makonni shida na farko su ne ciyawa ta fi yi wa shinkafa ɓarna, tana ƙwace mata taki da ruwa da haske, kuma kusan tsawon lokacin ke nan da maganin yake da ƙarfi a ƙasa.

Albasa, wadda ta kai sunan Aliero har kasuwannin kudu da ƙasashen maƙwabta, ta fi shinkafa rauni. Ganyenta siriri ne, ba ya yi wa ƙasa inuwa, saiwarta kuma a sama-sama take. Ciyawa kan fi ƙarfinta cikin sauƙi, kuma garin cirewa da hannu ko da fartanya akan girgiza ta. Feshi a kwanakin farko bayan dashe, fangali yana da danshi, yana rage wa manomi kuɗin 'yan ƙwadago, ya bar albasa ta yi kai cikin natsuwa.

Bayan an gama yaɓe, ba a barin yara su hau soro suna tsalle. Gonar da aka fesa ma a bar ta ta huta. Wanda ya shiga da fartanya bayan kwana kaɗan ya fasa shimfiɗar maganin, ya kuma tono sabbin ƙwayoyi daga ƙasa. Sannan yaɓe ba ya gyara azarar da gara ta ci. Aya-aya da ƙiri-ƙiri daga gindi da jijiya suke sake tohowa a ƙarƙashin ƙasa, yawancin magungunan nan ba sa kai musu. Su sai noma da haƙuri, ko magani nasu na daban.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗan'uwa manomi, ranar da ka sayi iri, sayi maganinka, ka gwada famfonka ka ga bakinsa yana watsa ruwa daidai. Tambayi malamin gona na hukumar KARDA wane magani ya dace da amfaninka, domin wanda masara ke jurewa yana iya hallaka albasa. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero ma tana da gonar gwaji a Jega, ilmin yana kusa da kai. Bi adadin da aka rubuta a jikin kwalba, ka yi feshi da safe iska tana kwance, ka rufe hanci da hannu da ƙafa, kada ka wanke famfo a gulbi ko kusa da rijiya, kada kuma kwalbar ta koma gida a zuba mai ko ruwan sha. Mutane da dabbobi da kifin fadama duk amana ce a wuyanka, kamar yadda amfanin gonarka yake.