Tartsatsin Hunturu: Hattara Masu Sana'ar Fetur a Magarya da Dungas

Duk wadda ke sayar da yadi ko gyale a kasuwar Magarya ta san wannan abu. Da zarar hunturu ya kankama, sai a ji mayafin leda yana ƙas-ƙas idan an warware shi, yana kuma manne wa jiki. Wani lokaci mutum ya kama ƙofar mota ya ji kamar an tsira masa allura. Wannan lantarki ne, irin wanda ake koya wa ɗalibai a darasin kimiyya a makarantun sakandare, kuma ya kamata 'yan kasuwa su san shi, domin yana iya jawo gobara.

Masana sun bayyana cewa kowane abu yana ɗauke da caji iri biyu, mai alamar tarawa da mai alamar ɗebewa, kuma galibi daidai suke. Idan aka goga abu biyu, wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira elektaron sukan bar ɗaya su koma ɗayan, sai caji ya taru. Caji iri ɗaya suna ture juna, mabambanta kuwa suna jan juna. Ki sa yaronki ya goga biro a gashinsa ya kusantar da shi ga gutsattsarin takarda, za ki ga sun ɗago sun manne. Wani Bafaranshe mai suna Coulomb ne ya auna wannan ƙarfi a shekarar 1785, ya gano cewa idan aka ninka tazarar da ke tsakanin caji biyu, ƙarfin yakan ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu.

Me ya sa abin ya fi yawa da hunturu? Da damina, laimar iska takan kwashe cajin a hankali. Da hunturu kuwa iska a bushe take, sai cajin ya yi ta taruwa a jikin roba, leda da takalmi, har ya kai dubban bolt. Da ya sami ƙarfe sai ya yi tsalle a matsayin tartsatsi. Tsawar damina ma haka take, girma ne kawai ya bambanta su, kamar yadda Benjamin Franklin na Amurka ya nuna a 1752.

Wannan tartsatsi ba ya illa ga mai lafiya, amma ya isa ya kunna tururin fetur. A garuruwan kan iyaka, daga Magarya da Dungas har zuwa Maigatari da ke ci ranar Alhamis, mutane da yawa na cin abinci da sayar da mai a jarkoki da kwalabe, sau da yawa dab da masu tuya da masu shayi. Shi kansa fetur yana tara caji yayin da yake gudu cikin tiyo ko mazurarin roba. Tururinsa kuma ya fi iska nauyi, yakan kwanta ƙasa ya bi rumfuna.

Don haka, a sauke jarka ƙasa kafin a cika ta, kada a ɗura ta tana bayan mota ko kan babur. Bakin tiyo ko mazurari ya riƙa taɓa bakin jarkar, a zuba a hankali, ba daga sama ba. Kafin a buɗe jarka, a taɓa wani ƙarfe da ke kafe a ƙasa nesa da man, domin cajin jiki ya fita. Kayan auduga sun fi na leda aminci ga mai wannan sana'a, kuma kada a goge jarka da busasshen tsumman leda. Mata masu tuya su ma su nisanta murhu da tukunyar gas daga wurin.

Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya tsare mu da dukiyoyinmu daga gobara, amin.