Ko Kun Sani? Allon Buga Rubutu da Haruffa Masu Ƙugiya

Tsarin QWERTY da masu buga takardu ke amfani da shi daga Jangebe zuwa Talata Mafara, Christopher Sholes ya tsara shi a Amurka a shekarun 1870, domin Turanci. Shi ya sa babu ɓ, ɗ da ƙ a kansa, har "ƙofa" ta riƙa fitowa "kofa".

Akwai allunan kibod da mutum ke sauya wa maɓallansu aiki da manhajar QMK ko VIA, duka kyauta. Sai a ɗora ƙ kan Q, tunda Hausa ba ta amfani da ita. Ga mai neman irin wannan allo da rangwame, maɓallan kamfanonin Gateron da Kailh na Sin sun fi na Cherry na Jamus araha, kuma suna jure aikin yau da gobe.