Ayarin Babura A Hawan Dutsen Mambila

Hanyar da ta tashi daga Jalingo zuwa Gembu, cikin Jihar Taraba, kusan a ce hanya biyu ce aka ɗinke wuri guda. Ta farko ita ce mai ratsa Garba Chede da Bali da Serti, cikin zafi da ƙura, ba ta da wani bambanci da sauran hanyoyin ƙasar nan. Ta biyun kuwa tana somawa ne daga Mayo Selbe, a gindin dutse, inda kwalta ke barin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ta shiga nannaɗe jikin tsauni kamar rawani. Saboda wannan yanki na biyu ne masu sha'awar tafiyar babur ke haɗa ayari, su yi yini guda a hanya, don kawai su hau su gani.

Abin gani kuwa akwai shi. Tudun Mambila ya kai kimanin mita 1,600 bisa teku, ga ciyawa shimfiɗe kan tuddai iyakar ganin ido, ga shanun Fulani, ga gonakin shayi na Kakara. A wannan nahiya ne kuma Chappal Waddi yake, watau dutse mafi tsawo a Nijeriya, mai mita 2,419, cikin gandun dajin Gashaka Gumti wanda aka kafa a 1991. Yankin kansa bai shigo Nijeriya ba sai a 1961, bayan ƙuri'ar raba gardama da aka yi a Arewacin Kamaru, shi ya sa har yau ƙaramar hukumar ke amsa sunan Sardauna.

To, amma mai karatu ya sani, mai babur ba ya kallon ko ɗaya daga cikin waɗannan yana bisa hawa. Idonsa na kan kwalta. Kwana na bin kwana, dutse a hannu ɗaya, rami mai zurfi a ɗayan, kuma galibi mutum ba ya hangen abin da ke zuwa sai ya yi kiciɓis da shi. Akwai wurin da direbobi ke kira Biyu da Sisi, suna ne na kuɗin da, tun kafin naira ta zo a 1973. Yaran yanzu ba su san sule ba, balle sisi, amma duk wanda ya bi hanyar ya san wannan hawa.

A nan ne amfanin ayari yake bayyana, idan ayarin mai tsari ne. Ba sabon abu ba ne ga Bahaushe, gama fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro suna da jagaba a gaba, suna da madugu mai lura da kowa. Haka masu babura ke yi. Wanda ya fi sanin hanya shi ke gaba, kuma ba a wuce shi. Wani gwani yana can ƙarshe da kayan gyara, ba ya barin kowa a bayansa. Sababbin hannu ana sa su kusa da jagaba, don tafiyar ta zama daidai ƙarfinsu, domin in aka bar su a baya za su riƙa taka wuta don su cim ma 'yan'uwa, nan kuwa ajali yake fakewa. A miƙaƙƙiyar hanya akan jeru ɗaya dama ɗaya hagu, amma da an shiga kwanoni sai a koma layi ɗaya, kowa ya ba na gabansa tazara. In jagaba ya ga rami ko tsakuwa ko saniya, sai ya nuna da hannu ko ƙafa, na baya ya nuna wa na bayansa.

Shi kansa babur ɗin yana jin dutse a jikinsa. Iska tana raguwar kauri yayin da aka yi sama, saboda haka injin ba ya samun abin da ya saba shaƙa, ƙarfinsa ya kan ragu da wajen kashi 15 cikin 100 kafin a kai bisa. Sanyi kuma yana ƙaruwa da kimanin digiri 6 a kowace mita 1,000, har wanda ya bar Serti yana gumi ya isa Maisamari yana neman rigar sanyi. Da damina hazo kan sauko ya rufe hanya da rana tsaka, kwalta ta yi santsi. Don haka masu hankali ke zaɓar rani.

Duk da haka, a ganinmu, saukowa ta fi hawa hatsari nesa ba kusa ba. Mutum ya riga ya ga abin da ya zo gani, ya gaji, hankalinsa ya koma gida. Idan ya danne birki tun daga sama bai saki ba, birkin zai yi zafi har ya daina kamawa, a daidai lokacin da ake bukatarsa. Dabarar ita ce a sa ƙaramar giya, a bar injin ya riƙe babur, a riƙa taɓa birki kaɗan kaɗan kafin a shiga kwana. Masu kashe inji su sake babur yana gangarawa wai don tsimin mai, lalle suna wasa da ransu ne. Ita kuwa hular kwano, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta tilasta sawa tun daga farkon 2009, ba a rataye ta a hannun babur aka ce ba.

Har ila yau, ya kamata baƙi su tuna cewa hanyar ba tasu ba ce su kaɗai. Ita ce babbar hanyar mota da ke haɗa mutanen bisa dutsen da sauran Nijeriya. Ta nan man fetur da siminti ke hawa, ta nan shanu da katako da shayi ke sauka, ta nan ake gangarowa da mara lafiya zuwa babban asibiti. Gingimari mai ɗauke da kaya ba ta iya karya ƙunƙuntar kwana sai ta ci rabin hannun wani, kuma direbanta ba zai iya tsayawa nan take ba ko da ya so. Ayarin da ya ji ƙahonta daga sama sai ya raɓe gefe, ya jira ta wuce.

Daga Maisamari hanya ta kan sassauta. Akan tsaya a Nguroje a sha shayi, a duba sarƙa da birki da iskar taya, a ƙirga mutane a tabbata sun cika, sa'an nan a ƙarasa Gembu tun rana ba ta faɗi ba.