Kasuwar Katifa a Kudancin Kano

Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano bayan kaka, ya tsaya a Kwanar Dangora ta ƙasar Kiru, ko kuwa ya kama hanyar da ke bi ta Tudun Wada ta ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa, lalle ba zai rasa ganin katifu an jingina su a ƙofar shaguna ba, kowace a cikin ledarta, masu furanni da masu ratsi, har wadda ta fi tsawo tana neman taɓa kwanon rufi. Wannan lokaci shi ne na cinikinsu, domin idan manomin Tudun Wada ya sayar da shinkafarsa, na Doguwa ya kai masararsa kasuwa, na Bebeji kuma ya samu abin da ya samu daga ruwan Tiga, sai a tuna da alkawarin aure da aka ɗaga tun damina. Ga shi kuwa bisa ga al'adarmu uban amarya ne ke ɗauke da nauyin kayan ɗaki, katifa kuma tana cikin abin da idon dangin miji ke fara sauka a kai ranar jere. Kasuwar takan sake tashi a watan Sha'aban, sa'ad da ake gaggawar ɗaura aure kafin azumi.

Kakanninmu sun kwanta a gadon kara da tabarma, mai hali kuma ya sa a ɗura masa audugar rimi a cikin buhun yadi, wadda ake shanyawa a rana a bubbuge ta idan ta dunƙule. Katifar soso baƙuwa ce da ta zo daga baya. Wani masanin haɗa sinadarai a Jamus, Otto Bayer, shi ya gano asalinta a 1937, kamfanin Vitafoam ya kafu a ƙasar nan a 1962, shi kuwa Mouka, da sunansa ke bakin kowace uwar amarya, tushensa a Kano yake, inda iyalin Moukarim suka fara sana'arsu a 1959. Daga wajen dillalan birni ne 'yan kasuwar waɗannan garuruwa ke saro kayansu, a ɗaure su a saman mota har sun fi motar tsawo.

Yadda ake yin soso abu ne da ya kamata mai saye ya sani, domin a nan ne asirin cinikin duka yake. Ruwan sinadari iri biyu ake haɗawa, a zuba ruwa kaɗan a ciki, sai haɗin ya kumbura ya tashi kamar kwaɓin burodi, ya daskare ya zama ƙaton dunƙule da ake yankawa gwargwadon awon da ake so. Idan mai masana'anta ya ƙara ruwan, sai iska ta yi yawa a ciki, dunƙulen ya fi girma, sinadarin da ke cikinsa kuwa bai ƙaru ba. Saboda haka ne masana ke auna ingancin soso da nauyinsa a kowace mita mai tsawo da faɗi da zurfi ɗaya: wanda bai kai kilo 20 ba mai rauni ne, wanda ya kai 30 ko ya wuce shi ne mai ƙarko. Katifa mai ƙafa shida da shida, kaurin inci 10, idan ta mai rauni ce ba za ta wuce kilo 17 ba, 'yar'uwarta mai ƙarko kuwa takan kai 25, alhali a ido babu abin da ya bambanta su.

Amma abin da yake damuna shi ne, a bakin shago ba a maganar wannan nauyi. Inci ake tambaya. Dattijo zai zo ya ce, "Alhaji, mai inci nawa ce wannan?" a ce masa goma sha takwas, ya danna da tafin hannu, ya duba furen yadin, ya taya, a ce albarka, ya ƙara, a sallama. Ya tafi yana murna ya fitar da 'yarsa kunya, kafin damina biyu kuwa tsakiyar katifar ta lotsa ta yi kwari, kaurin da aka biya kuɗi dominsa ya koma gefe. Da ya sayi mai inci 10 ta soso mai nauyi, da wataƙila jikokinsa sun yi tsalle a kanta. Ko ɗaga katifar a ji nauyinta ma ba hujja ce yankakkiya ba, domin akwai masu zuba garin alli a cikin haɗin don ya yi nauyi, irin wannan kuwa yakan farfashe ya riƙa zubar da gari tun bai tsufa ba.

Akwai kuma wadda ake kira katifar masu ciwon baya, wadda galibi gutsattsarin soso ne aka niƙa, aka haɗa da gam, aka matse su da inji har suka yi tauri. Tsofaffi da masu jiki sun fi son ta, kuma tana da amfani idan an shimfiɗa falle mai laushi a samanta. Wannan fallen, mai inci biyu ko uku, ana sayar da shi daban, masu yin kujeru su ne manyan masu sayensa, sai wanda katifarsa ta yi masa tauri. Soso mai lotsawa a hankali ya ɗauki siffar jiki, wanda aka ƙirƙira a Amurka a 1966 domin kujerun jiragen sama, ya fi samuwa a manyan shagunan birni, kuma yana riƙe zafi, abin da mai kwana a ɗakin kwano a watan Afrilu ba ya bukata.

Malamanmu na fiƙihu, tun kafin a san soso, sun yi bayanin hukuncin kayan da aibinsu ke ɓoye, cewa wajibi ne mai sayarwa ya bayyana shi, kuma mai saye yana da zaɓin mayarwa idan ya gano shi daga baya. Ban san wata haja da wannan mas'ala ta fi dacewa da ita ba kamar katifa, wadda ake sayarwa a ɗinke. Algus ɗin da aka fi sani shi ne a samo soso mai arha a sa masa riga mai ɗauke da sunan babban kamfani, kuma duk da ƙoƙarin hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON, ba kowane shagon ƙauye idonta ke kaiwa ba. Abin da ke tsare mai saye a nan shi ne sanayya, domin mai shagon da ke sallar Juma'a a sahu ɗaya da uban amarya ya san cewa idan katifar ta kwanta, labarin zai iso masa kafin kasuwa mai zuwa. Shi kansa yana cikin matsi, tunda sinadaran daga ƙasashen waje ake shigo da su, kuma da darajar naira ta faɗi a 2023 farashi ya hau, har ta kai waɗansu iyaye suna sayen tsiraran soso su kai wa tela ya ɗinka masa riga. Mai yin haka ya rasa takardar garantin kamfani, amma ya ga soson da idonsa, ya murza shi, ya ɗaga shi, kafin ya biya.