Ƙulli, Kwamba da Ayari

(Kiɗan buɗe shiri)



Kwanakin baya ina zaune a teburin mai shayi, rediyo na karanta labarin wani jirgin ruwan dakon kaya, sai aka ce yana gudun "knot" 20. Wani direban tirela da ke gefena ya ajiye kofinsa ya ce, "Malam, shi wannan not ɗin, ya kai ɗari a mota?" Na ce masa ko arba'in bai kai ba, kilomita 37 ne a awa. Ya bushe da dariya, ya ce ashe ɗan acaɓan unguwarsu ma ya fi jirgin ruwa wuta. Tambayar tasa ce ta haifi shirinmu na yau.

Ma'anar kalmar nan knot ita ce ƙulli, irin wanda ake yi wa igiya. Da harafin k ake rubuta ta, amma ba a furta shi, "not" za ka ji Bature ya ce. To me ya haɗa ƙulli da gudu? A tsakiyar teku babu bishiya, babu dutse, babu allon da zai gaya maka saura mil nawa ka isa gari. Ruwa ne gaba, ruwa ne baya. Sai matuƙan jiragen dā suka samo dabara. Suna ɗaure guntun katako a bakin doguwar igiya, igiyar kuma an bi ta da ƙulle-ƙulle, tsakanin wannan da wancan taku 47 da inci 3, wato mita 14 da 'yan kai. Mutum ɗaya ya jefa katakon a ruwa ta bayan jirgi, wani ya kifa 'yar kwalbar yashi da ke tsiyayewa cikin daƙiƙa 28. Katako ya tsaya a inda ya faɗa, jirgi ya yi gaba, igiya tana warwarewa tana bi ta tafin hannun mai riƙe da ita, shi kuwa yana ƙirga ƙullin da ya wuce. Yashi na ƙarewa sai a damƙe igiya. In ƙulli bakwai ya wuce, jirgi na gudun ƙulli bakwai ke nan. Shi katakon sunansa log, littafin da ake rubuta sakamakon a ciki ya zama logbook, sunan da har gobe direbobin ma'aikatu ke kiran littafin da suke cikewa in za su fita da motar ofis.

Ƙulli ɗaya daidai yake da mil ɗaya na teku a awa guda. Mil ɗin teku ya fi na tudu tsawo: mita 1,852 ne, kamar yadda aka tsayar a wani taron ƙasa da ƙasa a Monako a 1929, na tudu kuwa mita 1,609. Saboda haka wanda ya ce "knot 20 a awa" ya yi tuya biyu a mai ɗaya, don awar tana cikin kalmar tun asali. Na sha jin wannan kuskure a bakin masu karanta labarai, ni ma kuma ban tsira daga gare shi ba a farkon aikina. Matuƙan jirgin sama ma da ƙulli suke auna gudunsu, haka masu hasashen yanayi in suna maganar ƙarfin iska.

Abin lura a nan, Bahaushe a bayan doki ya samo kalmominsa na gudu. Doki na taƙama, ya koma sassarfa, ya zarce sukuwa, shi ya sa ko yaro aka aika ya dawo yana haki sai a ce ya zo a sukwane. Baturen Ingila ɗan tsibiri ne, nasa da yawa daga cikin jirgi ya kwaso su. A tsofaffin jiragen tururi akwai wani faifai mai hannu tsakanin ɗakin tuƙi da ɗakin inji, an rubuta matakan gudu a jikinsa: dead slow, wato tafiyar hawainiya, sai slow, sai half, sai full. Daga nan aka samu "full steam ahead", abin da za mu ce a sake wa doki linzami. Akwai kuma go-slow, wadda a Ingila take nufin ma'aikata su riƙa jan ƙafa a bakin aiki don nuna fushi. Da ta iso Legas sai ta tashi daga ma'aikata ta koma kan titi, mu kuma muka karɓe ta muka ce gosulo.

(Gajeren kiɗa)

Mu koma kan taron jirage. Duk wanda ya taɓa fassara labarai ya san ciwon kan da ke nan, domin inda mu za mu ce ayari mu wuce, Bature yana da kalma huɗu ko biyar, kowace da wurin zamanta.

Fleet ita ce uwa. Jiragen da ke ƙarƙashin mai iko ɗaya, ko suna tare ko suna warwatse a duniya, fleet ne. Shi ya sa kamfanin sufuri mai bas 50 yake da fleet ko da rabinsu na Kano rabi na Fatakwal, uku kuma na wurin bakanike. Tushenta tsohuwar kalma ce mai nufin yawo a kan ruwa, kuma abin sha'awa, in aka siffanta mutum da ita ana nufin mai zafin gudu ne. Flotilla daga Sifaniyanci take, ƙaramin taro ne ko taron ƙananan jirage. Da yawanmu a watan Mayun 2010 muka fara jin ta, lokacin da sojojin Isra'ila suka afka wa jirgin Mavi Marmara da sauran jiragen da suka nufi Gaza da kayan agaji. Armada ita ma ta Sifaniya ce, kuma tana ɗauke da tarihi a wuyanta: a 1588 Sarki Filib na Biyu ya tura jirage kimanin 130 don ya ci Ingila da yaƙi a zamanin Sarauniya Elizabet ta Ɗaya, wuta da guguwa suka tarwatsa su. Tun daga nan, in ɗan jaridar Ingila ya ce armada, yana nufin taro mai ban tsoro, wani lokaci kuma da ɗan habaici a ciki.

Amma wadda na fi so mu zauna a kanta ita ce convoy, wadda bakinmu ya mayar kwamba. Ta biyo ta Faransanci ne daga Latin, ma'anarta tafiya hanya ɗaya tare. A yau in aka ce kwamba, jiniya ce ke faɗo mana a rai, da motoci baƙaƙe masu kore mutane daga titi. Kwambar asali kuwa ba ta da gudu ko kaɗan.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya, jiragen Jamus masu nutso cikin ruwa sun addabi jiragen kasuwancin da ke kai wa Ingila abinci. A watan Afrilun 1917 kaɗai sun nutsar da jiragen da nauyinsu ya haura tan dubu 800. Aka ba da shawara a riƙa tara jiragen wuri ɗaya, jiragen yaƙi su yi musu rakiya. Manyan hafsoshin ruwa suka daɗe suna turjiya. Hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce, ita ce ayari ba ya wuce gudun raggon cikinsa: jirgi mai iya ƙulli 12 dole ya rage ya jira mai 8, kaya su makara, tashoshi su cushe in jirage sun iso gaba ɗaya. Sai da wuya ta kai wuya aka gwada, kwambar gwaji ta taso daga Jibralta a watan Mayun shekarar, ta isa lafiya. Asara ta faɗi warwas. Dalilin kuwa, teku faɗi gare ta. Jirage 40 a dunƙule ba su fi jirgi ɗaya sauƙin gani da wani abin kirki ba, amma in suka watsu sun zama abin farauta 40, maharbi duk inda ya zauna sai nama ya biyo ta gabansa. In kuma ya gano ayarin, sai ya tarar da masu rakiya na jiransa.

A Yaƙi na Biyu aka raba kwambar tekun Atlantika gida biyu bisa ga gudu. Masu ɗan kuzari, wajen ƙulli 9, suna tashi daga Halifas ta Kanada da lambar HX. Masu nawa, wajen ƙulli 7, lambarsu SC. Ƙulli 7 kilomita 13 ne a awa, gudun mai keke da ya ɗauko buhu, kuma a haka za a shafe kimanin mako biyu kafin a ga gaɓar Ingila, mutuwa na bin mutane ta ƙarƙashin ruwa. Daga nan Afirka ta Yamma ma akwai ta Firitawun a Saliyo, mai lambar SL. Kakanninmu da aka ɗauka zuwa yaƙin Bama a 1943 da 1944, cikin irin wannan jerin jirage suka ƙetare teku zuwa Indiya.

Kalmomi biyu suka yi tashe a lokacin. Jirgin da injinsa ya gaza ya zame baya, straggler ne. Wanda kyaftin ɗinsa ya gaji da jan ƙafa ya tsere gaba shi kaɗai, romper ne. Dukansu biyu su ne abincin jiragen nutso. Cikin waɗanda aka yarda su tafi ba ayari akwai Queen Mary, mai gudun kusan ƙulli 30, wadda ta taɓa kwasar fiye da mutum dubu 15 a tafiya ɗaya, domin babu jirgin nutson da ke iya cim mata.

Wannan lissafi, fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ba su buƙaci wani hafsan ruwa ya koya musu ba. Jagaba na gaba yana duba hanya, madugu uban tafiya yana yanke inda za a yada zango, kuma ba da ƙarfin dokinsa yake yankewa ba, da ƙarfin jakin da ya fi kowane nauyin kaya da 'yan alaron da ke tafe a ƙasa. Wanda ya ware, 'yan fashi ke maraba da shi. Turanci yana kiran wannan caravan, aron da ya yi daga Farisanci. Sai dai a kula, in ɗan Ingila na yau ya ce ya sayi caravan, ba raƙuma ya saya ba, ɗan ɗaki ne mai taya da ake ja da mota a tafi hutu.

Ita kuwa jerin motocin shugabanni, Turanci ya ware mata suna, motorcade. Amurkawa suka ƙera ta a farkon zamanin mota, suka yanko wutsiyar cavalcade, wato jerin mahaya dawaki irin na hawan daushe, suka liƙa wa mota. Mu dai ba mu bambanta ba, da ta gwamna mai gudun 140 da ta motocin hatsi da sojoji ke rakawa a hanyar Maiduguri zuwa Damboa, duk kwamba muke ce musu.

Da na gaya wa direban nan labarin romper, shiru ya yi, sannan ya ce su ma in za su ratsa dajin da ba su yarda da shi ba da dare, sukan jira juna a gidan mai har su kai shida ko bakwai, kuma kullum sai an sami ɗaya mai sabuwar mota da zai ce shi ba zai iya bin bayan tsohuwar DAF ba.

A nan za mu dasa aya, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)