Jitar da Aka Rataye: Boubacar Traoré da Makomar Makaɗin Sha'awa

A ƙasar Hausa, tun daga Madarunfa da ke kudancin Maraɗi har zuwa Katsina a tsallaken iyaka, kiɗa sana'a ce mai tsari, domin makaɗi yakan gaji kayan kiɗansa, yana da ubangida ko rukunin jama'ar da yake yi wa, kamar manoma ko mahauta ko ƴan dambe, kuma kyautar da ake ba shi haƙƙi ne da al'ada ta amince da shi, ko da yake sunan roƙo yana biye da ita. Jita kuwa, wadda ta shigo ta hanyar rediyo da makarantun boko da makaɗan birane, ba ta sami gurbi a wannan tsari ba. Mai kaɗa ta sau da yawa makaɗin sha'awa ne, wato wanda ya koya da kunne ba don neman abinci ba, shi ya sa da zarar aure da ɗawainiyar iyali sun zo, ita ce ake fara ratayewa a bango, musamman inda iyaye suke ganin kiɗa bai dace da ɗan mutunci ba.

Babu wanda rayuwarsa ta fi fito da wannan hali fili a Afirka ta Yamma kamar Boubacar Traoré, ɗan ƙasar Mali da aka haifa a Kayes a 1942, wanda ake yi wa laƙabi da Kar Kar saboda gwanintarsa ta yanke abokan hamayya a filin ƙwallo. Ya koya wa kansa kiɗa da jitar yayansa, kuma bayan samun ƴancin kai a 1960, zamanin mulkin Modibo Keïta, Rediyo Mali ta riƙa saka waƙoƙinsa da sassafe, musamman "Mali Twist", wadda take kiran matasa su gina ƙasa. Sunansa ya shiga kowane gida amma aljihunsa bai shaida ba, domin ba a buga masa faifai ba, kuma rediyon gwamnati ba ta biyan ladan fasaha, wato kuɗin da ake ba mai waƙa duk lokacin da aka yi amfani da ita. Da sojoji ƙarƙashin Moussa Traoré suka hamɓarar da Keïta a watan Nuwamba na 1968, sai aka daina jin muryarsa saboda ana danganta shi da tsohuwar gwamnati, ya koma ɗinki da tireda da noma har kusan shekara 20, har mutane da yawa suka ɗauka ya rasu.

Gidan talabijin na ƙasar ya sake fito da shi a 1987, amma murnar ba ta daɗe ba, domin matarsa Pierrette ta rasu a 1989, abin da ya sa ya tafi Faransa yana leburanci a wuraren gini don ciyar da ƴaƴansa shida. Yana can ne kamfanin Stern's na Landan ya fitar da "Mariama" a 1990, faifansa na farko, lokacin yana dab da shekara 50. Abin lura shi ne wanda ya dawo ba matashin nan mai kwaikwayon Elvis Presley ba ne. Dattijo ne mai sanyin murya wanda waƙoƙinsa suka karkata ga rashi da kaɗaici, ga jita guda da ƙwarya ana ƙwanƙwasa masa, kuma a gaskiya wannan kiɗa na biyu ya fi na farkon nauyi nesa ba kusa ba. Jacques Sarasin ya yi fim a kan rayuwarsa a 2001.

Nijar ma tana da nata misalin, ko da yake ba majitaci ba ne. Mamman Sani Abdoulaye, malamin makaranta kuma ma'aikaci, ya naɗi kiɗansa na ogan mai amfani da lantarki ƙirar Orla a gidan rediyon ƙasa da ke Yamai a 1978, rediyo da talabijin suka yi ta saka shi tsakanin shirye-shirye, kaset ɗin kuwa bai yaɗu ba sai da Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya tono shi ya sake fitarwa a 2013, daga nan Mamman Sani ya fara hawa dandamali a Turai.

Dukkansu biyu abu guda ne ya buɗe musu ƙofar dawowa, wato naɗin da ya saura a ajiye, kuma a nan ne garuruwa irin Madarunfa suka yi asara, domin a lokacin mulkin Seyni Kountché daga 1974 zuwa 1987, na'urorin naɗa na kirki suna hannun hukuma ne a manyan birane, saboda haka wanda bai kai can ba kiɗansa ya tsaya a kunnen tsararrakinsa. Wayar salula ta sauya lissafin: waƙoƙin da majitacin Nijar Mdou Moctar ya naɗa a Sakkwato a 2008 ta katin waya suka zaga Sahel daga hannu zuwa hannu, tun kafin wani kamfanin ƙetare ya san sunansa.