Zaɓen Wuƙar Kwanan Daji

Idan kaka ta yi, manoma da yawa sukan bar gida su tare a gonakinsu na nesa, su kafa bukka su yi mako biyu ko uku suna girbi da tsaron amfani. Haka kuma masu noman rani a fadama, da makiyaya a mashekari, da masunta a bakin tafki, da falke mai bin kasuwannin ƙauye wanda dare kan yi masa a hanya. Duk waɗannan akwai abu guda wanda ba su iya kwana biyu babu shi, watau wuƙa. Da ita za a yanke igiya, a fiƙe turke, a gyara ƙotar lauje, a fere rogo, a yanka kaza, a kankare jiƙaƙƙen itace a kai ga busasshen cikinsa don hura wuta. Amma abin mamaki, mutum yakan daɗe yana jujjuya fartanya kafin ya taya, in ya zo kan wuƙa sai ya ɗauki wadda ta fi ƙyalli. Ranar da ta karye kuwa, tsakaninsa da maƙeri tafiyar yini guda ce.

Mai naɗewa da mai kube

Wuƙar da a ke yawo da ita iri biyu ce. Akwai mai naɗewa, wadda ruwanta kan koma cikin ƙota a jefa aljihu, kamar Okapi, wadda aka fara ƙerawa a garin Solingen na Jamus a 1902, daga baya a 1988 aka mai da aikinta Afirka ta Kudu. Akwai kuma mai kube, wadda ruwanta da ƙotarta a miƙe su ke, ba gaɓa a tsakani.

Mai naɗewa tana da daɗin ɗauka, amma duk ƙarfinta ya dogara ga ƙusa ɗaya da ruwan ke juyawa a kai. In aka matsa mata da aiki mai nauyi, ƙusar nan takan yi sako-sako, wani lokaci ma ruwan ya rufo kan yatsun mai ita. Ban da wannan, jini da kitse da ƙasa sukan shige cikin ramin ƙotar, su yi wuyar wankewa. Mai kube ba ta da ko ɗaya daga cikin aibobin nan. Sabo da haka ita ce wuƙar zango, mai naɗewa kuwa ta zama mataimakiya.

Tsawo da kauri

Wuƙa matsakaiciya ita ce wadda tsawon ruwanta, ban da ƙota, ya kama daga inci 4 zuwa 6, watau santimita 10 zuwa 15. A ƙasashen Turai da Amurka, inda mutane kan fita daji da tanti su yi kwanaki don shaƙatawa, an daɗe ana gwada wannan magana. Wani Ba'amurke mai suna Horace Kephart, wanda ya fitar da littafi kan zaman daji a 1906, wuƙar da ya yarda da ita ba ta wuce inci 5 ba. Wani malamin zaman daji na Kanada kuma, Mors Kochanski, ya koyar da cewa ruwan wuƙa ya yi daidai da faɗin tafin hannun mai ita. Wannan ma'auni ne mai kyau a kasuwa, gama kowa da hannunsa ya ke zuwa.

Dalilin haka ba boyayye ba ne. Yawancin aikin zango, fiƙa da fira da yankan igiya, da sashen ruwan da ke kusa da ƙota a ke yinsa, domin nan ne ƙarfin hannu ya fi isa. Iyakar nisan tsini daga hannu, iyakar wuyar sarrafa shi. Doguwar wuƙa mai inci 8 ko 10 ta cika girma ga firar doya, ta kuma kasa ga saran itace, wanda aikin adda ne da gatari. Wadda ba ta kai inci 3 ba kuwa, ba ta ratsa kabewa ko cinyar akuya da yanka ɗaya. Mai son yankan rago ko sa ya nemi doguwar wuƙar mahauta daban.

Kauri kuma a bayan wuƙa a ke duba shi. Abin da ya dace shi ne milimita 2 zuwa 4, watau kamar kaurin tsinken ashana ɗaya zuwa biyu. Mai kauri fiye da haka tsaga albasa ta ke yi maimakon ta yanka, ga nauyi a ɗamara. Sirirya ƙwarai kuma takan tanƙwashe cikin itace.

Ƙarfen da ke cikin ƙota

A nan ne yawancin wuƙaƙen araha su ke ɓoye aibinsu. Ruwan wuƙa yana da wutsiya wadda ta shige cikin ƙota, ita ke ɗaukar dukan nauyin aiki. Wutsiyar nan iri uku ce. Ta fari, wadda faɗinta ya yi daidai da ƙota, aka manna mata katako gefe da gefe aka buga ƙusa biyu ko uku. Ana ganin ƙarfen kewaye da ƙotar, ita ce kuwa mafi ƙarfi. Ta biyu, siririya wadda ta ratsa ƙota ta ɓullo ƙarshe, aka doke kanta ya baje. Wannan ma tana da aminci, ita ce maƙera suka fi yi. Ta uku, guntuwa wadda ba ta wuce inci ɗaya ko biyu ba, aka soka ta cikin itace ko roba aka bar ta. Wannan ce ke fita daga ƙota ana tsakiyar aiki.

Ba dole ba ne sai wutsiya ta ɓullo sa'an nan wuƙa ta yi ƙarko. Wuƙaƙen garin Mora na ƙasar Suwidin, inda aka kafa masana'antar wuƙa tun 1891, da yawansu wutsiyarsu ba ta kai ƙarshen ƙota ba, amma ta yi nisa ciki ƙwarai, shi ya sa su ke daɗewa. Abin gudu shi ne guntuwar wutsiya. Mai saye ya riƙe ƙota da hannu ɗaya, ya kama bayan ruwan da ɗaya hannun cikin tsumma, ya girgiza. In ya ji motsi ko kaɗan, ya ajiye ta. Haka kuma wuƙar nan mai ramin ƙota da a ke zuba ashana da ƙugiya a ciki, ado ce kawai, gama ramin ya cinye wurin wutsiya.

Irin ƙarfe

Ƙarfen wuƙa iri biyu ne. Akwai baƙin ƙarfe mai yawan sinadarin kabon, wanda ya ke da sauƙin washi, yana kuma ɗaukar kaifi sosai, sai dai yana tsatsa da an bar shi da laima. Akwai kuma farin ƙarfe marar tsatsa, wanda wani Bature mai suna Harry Brearley ya gano a garin Sheffield na Ingila a 1913. Asirinsa shi ne sinadarin kuromiyam, wanda ya haura kashi 10 cikin 100 na ƙarfen. Masunci da mai aikin fadama, waɗanda kullum hannunsu na cikin ruwa, farin ya fi yi musu. Manomin tudu da makiyayi, waɗanda za su wasa wuƙarsu a kan dutsen da suka samu, baƙin ya fi yi musu.

Maƙera da yawa da tsohon sifirin mota su ke ƙera wuƙa, kuma ƙarfe ne mai kyau, gama yana da kabon isasshe ga kuma jimiri. Amma wanda aka yanko daga jikin duro ko gwangwani ko rodin gini ba abin dogara ba ne, kome gwanintar maƙerin, domin yawancinsa bai da kabon da zai sa ya taurara.

Kyan ƙarfe kaɗai bai isa ba, sai an ba shi ruwa daidai. Maƙeri yakan gasa wuƙar har ta yi ja, zafin da maganaɗisu ya daina kama ta, sa'an nan ya tsoma ta cikin mai ko ruwa nan da nan. A wannan hali ta yi tauri, amma tana iya fashewa kamar kwalba. Sai ya goge ta, ya sāke ɗumama ta a hankali har launinta ya koma kamar na busasshen kara, ya bar ta ta huce. Wannan ɗumamawa ta biyu ita ke ba ta jimiri. A masana'antu akan auna taurin da ma'aunin Rokwel, wuƙar aiki takan faɗa tsakanin 56 da 60. A kasuwa kuwa magagari ne ma'auni. A goga shi kaɗan a kusa da kaifi, da izinin mai kaya. In ya ci ƙarfen da sauƙi kamar ƙusa, wuƙar ta yi laushi, za ta dakushe kafin a gama fiƙe turke biyu. In ya zame yana ɗan kamawa da ƙyar, to, an ba ta ruwa daidai.

Baki da tsini

Wuƙar aiki baki ɗaya gare ta. Mai baki biyu, irin ta ɗaurawa a dantse, makami ce. Ba inda za a ɗora babban yatsa a danna, ba kuma inda za a buga da guntun itace in ana tsaga makamashi. Haƙoran zarto da a ke yi wa waɗansu a baya ma ba su da wani amfani, sai cin hannu da yayyaga kube. Tsini ya zama ya ɗan sunkuyo daga baya, ya tsaya kusa da tsakiyar ruwan. Irin wannan yana da ƙarfi wajen huda, in kuma ana fiɗa ba ya saurin fasa tumbi ya ɓata nama. A ɗaga wuƙar a hango ta daga ƙota zuwa tsini. In ta karkace, ko an ga tsaga ko da siririya ce kamar gashi, a bar ta.

Ƙota da kube

Ƙota ta cika hannu, ta ɗan fi faɗin tafi tsawo, kamar inci 4 da rabi. Siririyar ƙota tana gajiyar da yatsu, mai kusurwa kuma tana sa kanta da bororo. Itacen kirya da marke da aduwa duk suna yin ƙota mai ƙarko, haka ma ƙaho, sai dai ƙaho yana santsi in ya sha kitse. Ƙotar da aka lulluɓe da farin ƙarfe ko tagulla tana da kyan gani, amma ta fi kowace santsi. Ya kamata a sami ɗan tudu ko lotsawa a gaban ƙota inda manuni zai tsaya, don kada hannu ya zame kan kaifi sa'ad da tsini ya ci karo da ƙashi. Wanda ya yanke jijiyar yatsa a tsakiyar girbi, ya yi hasarar da ta fi kuɗin wuƙa ɗari.

Kube kuwa rabin wuƙa ne. Ya zama na fata mai kauri, mai zurfin da zai haɗiye ruwan duka da rabin ƙota. A ce wa baduku ya sa wata 'yar fata a tsakanin ɗinkin ta gefen kaifi, don kada wuƙar ta yanke zaren ta ɓullo. A gwada shi haka: a sa wuƙa, a kifa kuben a girgiza a hankali. In ta faɗo, za ta faɗo a ciyawa ranar da aka sunkuya ɗaure dami.

Washi da adana

Kafin a wasa, a jiƙa dutse da ruwa. A kwantar da ruwan wuƙa, a ɗaga bayanta kamar kaurin fensir in faɗinta inci ɗaya ne, a riƙa gogawa ba tare da an sāke wannan tsayi ba, har a ji ɗan ƙaiƙayin ƙarfe ya taso a ɗaya gefen. Sa'an nan a juya a yi haka, a ƙarasa da goga ta a kan fata. Masu injin washi na kasuwa suna da sauri, amma in suka bari baki ya yi zafi har ya yi shuɗi, ruwan da maƙeri ya ba ta ya tafi ke nan. Don haka kuma ba a tona garwashi da wuƙa, ba a haƙa rami da ita, ba a ɓamɓare murfin gwangwani da tsininta.

Bayan an yanka tumatir ko lemo ko nama, a wanke ta, a goge ta bushe, a shafa mata ɗan man gyaɗa ko man kaɗe. Da damina kada a bar baƙar wuƙa ta yi makonni cikin kube, gama fata tana riƙe laima, ga kuma bagaruwar jima tana baƙanta ƙarfe.

Akwai abin lura guda wanda ya shafi gona kai tsaye. Wuƙa tana ɗaukar cuta daga shuka zuwa shuka, musamman wajen yankan irin rogo da saran ayaba. Wanda ya yanki shukar da ke da alamar ciwo, ya wanke wuƙarsa da ruwan bilic, ya ɗauraye, ya goge, kafin ya taɓa mai lafiya. In kuma mutum ya yanke a gona, ya wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu, ya ɗaure, ya je asibiti a duba maganar allurar tetanus, domin ƙwayar ciwon nan mai sandarar da jiki a ƙasa da taki ta ke zaune. A kullum a yi fiƙa ana tura wuƙa waje, nesa da cinya, a miƙa wa mutum ta wajen ƙota, a kuma rataye ta inda yara ba su kai. Wurinta gona da zango. Ba a shiga taron jama'a da ita a ɗamara.

Abin da mai saye zai riƙe ran kasuwa ke nan: ruwa inci 4 zuwa 6, baki ɗaya, wutsiya mai nisa cikin ƙota, ƙarfen da magagari ba ya ci da sauƙi, ƙotar da ta cika hannu, da kuben da ba ya zubar da ita. A saya tun da sauran lokaci, a yi aiki da ita a gida kwana biyu a ga halinta, gama ba a fafe gora ranar tafiya.